Tsugunne Ba Ta Ƙare Ba

Wajen ƙarfe uku na dare na sauko da ƙafa daga gado, sai na ji na taka wani abu mai ɗumi-ɗumi. Tun kafin in kunna fitila na san ko mene ne. Da haske ya kawo, ga Duna, ɗan kwikwiyona, can bakin ƙofa a zaune, ya karkace kai yana kallona, wutsiya na share ƙasa, kai ka ce wani abin kirki ya yi yake jiran a gode masa. Kwanansa biyu ke nan a gidan, satinsa takwas a duniya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni a ganina na shirya tsaf. Tun ana saura kwana uku in ɗauko shi na sayo ƙunshin shimfiɗar fitsari, wadda samanta kamar auduga ƙasanta kuma leda, na haɗa da kwalbar wani ruwan feshi da aka rubuta a jikinta wai warinsa yana jan kwikwiyo ya yi a inda aka fesa. Na baza uku a falo, ɗaya a kicin, ɗaya a ɗakin kwana. Lissafina shi ne duk inda abin ya matse shi, ga wuri kusa. Ashe gaya masa nake yi, da harshen da ya fi fahimta, cewa gidan nan kaf ɗinsa ban-ɗaki ne.

Shi kuwa ya ɗauki karatu. Wani lokaci ya ɗora ƙafafun gaba a kan shimfiɗar, na baya suna waje, ya tsula a kan tayil, ya juyo yana kaɗa wutsiya. A wurinsa ai ya cika aiki. In wasa ya motsa masa, sai ya cafki gefenta da haƙora ya yi ta girgizawa har audugar ta watse ko'ina. Babbar ɓarnar ma ba a nan take ba. Kwikwiyo da tafin ƙafa yake gane wurin yi. Tun yana kusan sati takwas yake fara sabawa da irin abin da yake takawa in zai tsuguna, ko ƙasa ko ciyawa ko siminti, ni kuma na saba wa nawa da laushi. Don haka ɗan kafet ɗin bakin ƙofa ya zama nasa, tawul in ya faɗo ya zama nasa, har rigar ɗana da ya yar a ƙasa ba ta tsira ba. Ruwan feshin kuwa sau ɗaya na ga ya kula shi: ya shinshina, ya yi atishawa, ya wuce.

A kwana na biyar na yi abin da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na dawo na tarar da kashi a tsakiyar falo, ya ma fara bushewa. Na tuna shawarar da na sha ji a bakin mutane, na kamo shi ta ƙeya, na dangwala masa hanci a ciki, na daka masa tsawa. Kwana biyu ban sake ganin ya yi ba, har na fara jin ni gwani ne. Sai wari ya tona asiri: ya koma bayan doguwar kujera, inda ido ba ya kai. In na fitar da shi waje kuma, sai mu yi minti ashirin a tsaye yana kallon sama, muna dawowa ciki ya sulale. Matata ce ta faɗa mini gaskiya tana tsane ƙasa da tsumma.

"Maigida, ai ba fitsari ya daina ba. Yi a gabanka ya daina."

Ranar da na kai shi allurar rigakafi, na zauna na zayyana wa likitar dabbobi laifuffukansa kamar mai kai ƙara. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam, sau nawa yake fitsari a yini?" Ban sani ba. "Ƙarfe nawa yake cin abinci?" Na ce ai kwanon a cike yake koyaushe. "Ɗaki nawa yake shiga?" Na ce duka. Ta ajiye biro ta yi dariya. "To, da kai za mu fara. Shi lafiyarsa ƙalau."

Ta ce mafitsarar kwikwiyo ƙarama ce, kuma abin da ke riƙe ta bai gama ƙwari ba. Yawancinsu sai sun kai wata huɗu zuwa shida kafin su iya riƙewa sosai. Ta ba ni ma'aunin da masu kiwon karnuka ke bi: ka ƙirga watanninsa ka ƙara ɗaya, awannin da zai iya jurewa ke nan. Ɗan wata biyu, awa uku. Wannan kuma in yana kwance shiru ne. In yana guje-guje, rabin awa ma ta yi yawa. Game da dangwala hanci, ta ce kare ba ya haɗa hukuncin yanzu da abin da ya aikata awa guda baya. Abin da ya koya kawai shi ne, in mutum da kashi suka haɗu a ɗaki ɗaya, akwai bala'i. Ta kuma ja kunnena kada in kai shi inda baƙin karnuka ke yi sai ya gama allurarsa, wadda ta ƙarshe ake yi a sati 16 ko bayansa. Cutar farbo, wadda ta bazu a duniya a 1978, ta kashi take yaɗuwa, ƙwayarta kan yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba, kuma 'yan kwikwiyo ta fi kashewa.

Na tambaye ta me zan saya. Ta ce keji, gajeruwar igiya, da ruwan wanki mai enzayim, wato sinadarin da ke farfasa ragowar fitsari. "Amma kafin su duka, nemi littafi da biro."

Tsohon littafin lissafin ɗana na ɗauko, wanda ya rage shafuka a baya. Shi ya fi komai yi mini aiki, kuma shi ne ban saya ba. Na ja layi huɗu: lokaci, abin da ya shiga ciki, abin da ya fita, da inda ya fita. Na rataye shi da zare a jikin firij, na ce duk wanda ya ga wani abu ya rubuta. Na sa wayata ta riƙa ƙara kowace awa. Abinci ya koma sau uku, bakwai na safe, ɗaya na rana, shida na yamma, in minti goma sha biyar ta cika in ɗauke kwanon ko ya cinye ko bai cinye ba. Ruwa yana nan duk yini, sai awa biyu kafin kwanciya nake ɗaukewa.

Cikin kwana huɗu, abin da nake kira rashin ji ya zama jadawali. Duna kan yi fitsari cikin minti ɗaya ko biyu da farkawa, ko da barcin minti goma ne. Kashi na zuwa minti goma zuwa ashirin bayan cin abinci, don ciki in ya cika yakan motsa hanji, kuma a jikin ƙaramin kwikwiyo abin ba ya jinkiri. In suna kokawa da ɗana sai ka ga ya tsaya cak ya kama gefe yana shinshina ƙasa, to saura daƙiƙa biyar. Amma mu littafin ya fi tona wa asiri. Kusan duk ɓarnar da aka yi a ciki tsakanin ƙarfe shida ne da takwas na yamma, daidai lokacin da kowa yana gida. Mu uku a falo, kowa na zaton wani ne ke kallonsa. Ranar da nake ni kaɗai da shi, ko ɗigo babu. Daga nan muka kafa doka: kowane lokaci akwai mutum ɗaya da kare ke hannunsa, in zai tashi sai ya faɗa da baki, "Na miƙa maka," ɗayan ya amsa.

Kejin ne na daɗe ina ja da baya a kansa. Raina bai so in ga ɗan mitsitsin abu a bayan waya kamar fursuna ba. Da na yarda ma, tausayi ya sa na sayo babba, wanda zai ɗauke shi har ya girma, na shimfiɗa masa bargo mai kauri. Da safe na tarar ya raba shi gida biyu, nan ɗakin kwana, can ban-ɗaki, bargon kuma ya shanye shaida. Hikimar keji ita ce kare ba ya son ɓata makwancinsa. In kuwa makwancin ya yi faɗin da zai yi a can ya kwanta a nan, hikimar ta tashi. Ashe wata waya mai faɗi da na gani a kwalin na jefa bayan kabad ita ce maganin. Shamaki ne da ake ratayawa a ciki a rage faɗin, a riƙa matsar da shi baya yayin da karen ke girma. Girman da ake so, ya iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Ba ƙari. Bargon ma na cire na sati biyu.

Karo na biyu ban yi gaggawa ba. A cikin kejin nake ajiye masa abinci, ƙofa a buɗe. Na samo masa abin taunawa na roba mai rami a ciki, irin na kamfanin Kong, in cusa jiƙaƙƙen abincinsa, ba ya samunsa sai a keji. Kafin kwana uku da kansa yake shiga in barci ya kama shi, kwikwiyo kuwa barci ne sana'arsa, yakan yi awa 18 zuwa 20 a rana. Ban taɓa sa shi ciki don hukunci ba, kuma sai na cire masa abin wuya kafin ya shiga, don ƙarfensa na iya maƙalewa a waya ya shaƙe shi.

Dare ne wuyar aikin. Kejin a gefen gadona yake kwana, kuma sai da na koyi bambanta kuka biyu. Akwai na kaɗaici, wanda ke farawa da an kashe fitila, yana hawa yana sauka, in ka yi shiru ya mutu da kansa. Akwai na tsakar dare, gajere, haɗe da kai-kawo da karce-karce. Wannan ba a yi masa jinkiri. Na ga gara in riga shi, sai na sa agogo ƙarfe ɗaya da ƙarfe huɗu. In tashi in sungume shi a hannu, don in ka bar shi ya taka da ƙafarsa ba zai kai ƙofa ba, ya yi, in mayar da shi. Ba wasa, ba hira. Duk bayan 'yan kwanaki in ƙara wa agogon minti goma sha biyar, har tashi biyu ya koma ɗaya, ɗayan ma ya gangara ya haɗe da wayewar gari. Takalmi da tocila a bakin ƙofa suke kwana. Wanda ya taɓa laluben takalmi ƙafa ɗaya a duhu, da kwikwiyo cike da fitsari a hammata, ya san dalili.

Wurin yi, kusurwa ɗaya na zaɓa a tsakar gida, inda akwai 'yar ciyawa. Ranar farko na kai tsumman da na goge fitsarinsa na danne da dutse a wurin, ya yi abin da kwalbar feshi ta kasa. Da igiya nake kai shi, ko da yake gidan a katange yake. In babu ita, ganye ya gitta ya bi, ƙwaro ya motsa ya bi, ya manta abin da ya fito da shi, sai mun koma ciki ya tuna. Da igiya mai tsawon taku biyu, ni kuma na tsaya ƙiƙam kamar turke, ba shi da abin yi sai abin da aka zo yi. Minti biyar nake ba shi. In bai yi ba, keji na minti goma, mu sake fitowa. Da ya tsuguna sai in ce a hankali, "Yi maza." Sati uku ina faɗa yana cikin yi, kafin na fara faɗa tun bai fara ba. Yau ko a baƙon wuri na ce "yi maza," sai ya sunkuyar da hanci ya fara nema.

A wajen lada sau biyu na yi tuntuɓe. Gwangwanin 'yan guntayen ladan a kicin yake, don haka sai ya gama mu koma ciki in ba shi. Ba a daɗe ba ya fara tsugunon ƙarya, ko ya yi rabi ya katse, ya ja ni da gudu zuwa kicin. A lissafinsa komawa ciki ake biya. Abin da masanin halayyar nan na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna da ɓeraye ke nan tun shekarun 1930: dabba tana maimaita abin da lada ya biyo bayansa nan take, ba ruwanta da abin da kake nufi a ranka. Na sayi 'yar jakar ɗaurawa a ƙugu, yana ɗagowa yana samu. Na sayi ma ɗan abin latsawar nan mai ƙarar "ƙas" da masu horar da karnuka ke nuna wa kare lokacin da ya yi daidai. Abu ne mai kyau, amma hannu biyu gare ni, igiya a ɗaya, tocila da ledar kwashe kashi a ɗaya. "Yawwa!" ta maye gurbinsa. Tuntuɓe na biyu, yana gamawa nake mayar da shi ciki. Ya lura fitsari ne ke kashe masa yawo, sai ya fara riƙewa. Na juya abin: da rana in ya yi, in kwance igiya a yi wasan minti biyar.

Duk da haka akwai wuri biyu a falo da yake komawa kamar an binne masa wani abu, gindin doguwar kujera da gefen labule. Na wanke da sabulu, na wanke da bilic, na bi da wani ruwan goge tayil, har na daina jin komai. Hancina ne ya daina ji. Ana ƙiyasta ƙwayoyin jin wari a hancin mutum kimanin miliyan 6, na kare kuwa sun haura miliyan 100, a wasu jinsin har kusan miliyan 300. Da na juya bayan kwalbar ruwan gogewar na karanta, sai ga amoniya a ciki. Fitsari in ya kwana, ƙwayoyin bakteriya kan farfasa sinadarin yuriya da ke cikinsa ya koma amoniya. Warin nan mai hawa kai ke nan. Wato kullum da safe ni da hannuna nake sabunta masa alamar "a nan ake yi." Haɗa bilic da amoniya kuwa ganganci ne da ban san ina yi ba, don suna fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu. Allah ne ya kiyaye, tagogin a buɗe suke.

Ruwan enzayim ba ya rufe wari da ƙamshi, farfasa ragowar fitsarin yake yi har ba abin da hanci zai kama. Kwalbar farko a banza na ƙarar da ita, don na ɗauke shi kamar sauran: fesa, goge, wuce. Ashe sai ka fara danna tsumma ka tsotse jiƙar, ban da gogawa, don gogawa faɗaɗa ta take yi. Sannan ka kwarara ruwan har ya kai zurfin da fitsarin ya kai, a kafet kuwa yakan yi faɗi a ƙasa fiye da yadda ake gani a sama. Ka bar shi a jiƙe gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar, nawa minti goma sha biyar ne, ya bushe da kansa. Tsohon tabo sai an maimaita sau biyu ko uku. Kada kuma a haɗa shi da bilic, yana kashe masa aiki.

Sai wata ƙaramar tocila mai haske shuɗi-shuɗi, irin wanda ake duba jabun takardar kuɗi da shi. Busasshen fitsari yakan yi ƙyalli a ƙarƙashinsa. Muka jira dare, muka kashe fitilu, ɗana na riƙe da alli. Ni wuri biyu nake tsammani. Goma sha ɗaya muka zagaye. Ƙafar tebur, bayan ƙofa, ƙasan labule, da wani dogon layi a hanyar kicin da ya nuna ranar yana tafiya yana yi. Ɗana ya ce, "Baba, falonmu ya yi taurari!" Matata ba ta ce uffan ba, ta tafi ta ɗauko bokiti. Ɗan kafet ɗin bakin ƙofa dai bai ceto ba, yar da shi muka yi.

Sauran kayan ba su da dogon labari. 'Yar ƙofar shinge irin wadda ake tare yara masu rarrafe da ita, guda biyu, suka rage masa gidan ya koma kicin da rabin falo. Sai ya yi sati biyu babu ɓarna nake buɗe masa ɗaki ɗaya. In ina aiki a tebur, igiyarsa a ƙuguna take ɗaure. Shimfiɗar fitsarin da na tsine wa ma ta samu gurbinta daga baya. Keji ba ma'ajiya ba ce. In dole ta sa za mu fita fiye da awa uku, zalunci ne a rufe shi a ce ya riƙe abin da jikinsa ba zai iya ba, in kuma ya saba kwanciya cikin ƙazantarsa an rasa kejin gaba ɗaya. A irin ranar sai in kewaye masa fili da shingen waya, keji a buɗe a gefe ɗaya, can ɗaya gefen tire, shimfiɗa a ƙasa, yankin ciyawa da ƙasarta a sama, don ƙafarsa ta taka abin da ta saba.

Ƙararrawa kuwa ita ta mai da ni bara. Ɗana ya kawo shawarar, muka rataye ta a hannun ƙofa daidai tsayin hancinsa. Duk fita sai mu sa ya taɓa ta, ta yi ƙara, ƙofa ta buɗe. Kwana shida ya gane, muka yi ta murna kamar an ci jarrabawa. Bayan kwana uku ya gano abin da ya fi wannan: ƙararrawa tana tayar da mutum daga kujera. Tsuntsu ya sauka, ƙararrawa. Ya ga na zauna zan huta, ƙararrawa. Sau goma sha tara a yini ɗaya, littafi shaida ne. Ana yawan ba da labarin Ivan Pavlov, masanin nan na Rasha da ya sa karnuka dalalar da miyau da jin sauti. A gidana ni ne ke zabura da jin sauti, Duna na kallo. Ga shi ba dama in ƙi tashi, don wadda na ƙi ɗin tana iya zama ta gaskiya. Sai na cire wa fitar ƙararrawa armashi: igiya, kai tsaye zuwa kusurwa, minti uku, in bai yi ba mu dawo ba wasa. Cikin sati guda goma sha tara ta sauko shida.

Yana wata huɗu da rabi, bayan kwana goma sha takwas babu ɗigo a ciki, sai komai ya rushe a yini biyu. Ya yi a falo, ya yi a kicin, har a keji, inda bai taɓa yi ba tun da na sa shamaki. Na ce ashe tsugunne ba ta ƙare ba, taurin kai ne ya motsa. Matata ta ciro littafin ta ajiye a gabana. "Maigida, duba nan. Jiya sau nawa?" Sau ashirin da ɗaya, kuma a gaban kusan kowanne an rubuta "kaɗan." Da na lura da kyau, yana tsugunawa ya daɗe yana yunƙuri, ɗigo uku ne ke fita. Likita ta ce in kawo fitsarin safe. Wanda bai taɓa bin kwikwiyo a sunkuye da murfin roba a hannu ba, yana jiran ya tsuguna ya zura masa a ƙasa, bai san ƙasƙanci ba. Gwaji ya nuna ciwon mafitsara ne, wanda ta ce ya fi kama matan karnuka amma mazan ma ba su tsira ba. Ta rubuta magani, ta ce a ba shi har ya ƙare ko da an ga sauƙi. Kwana uku ya dawo daidai. "Malam," in ji ta tana juya shafukan, "da kowa zai zo mini da irin wannan, da aikina ya yi sauƙi." Na karɓi yabon, ban ce mata ba ni na lura ba.

Da ya cika wata shida na cire shinge na ƙarshe na kai sito, na haɗa tocila da ragowar ruwan enzayim da littafin a kwali ɗaya na rufe da salatif. Har na fara ba wani abokin aikina da ya samu kwikwiyo shawara, da muryar wanda ya ga jiya ya ga yau.

Bayan sati biyar ƙanena ya zo kwana, ya ajiye jakarsa a gindin kujera. Shi ma yana da kare a gidansa. Muna cikin gaisawa Duna ya zo ya shinshina jakar daga sama har ƙasa, ya kewaya ta sau ɗaya, ya gyara tsayuwa. A gaban idona, karon farko a rayuwarsa, bai tsuguna ba. Ƙafar baya ya ɗaga, yana tangaɗi don bai iya ba tukuna, ya ɗiga mata 'yan ɗigo, ya dube ni yana kaɗa wutsiya. Ba matsuwa ba ce, minti goma ke nan da dawowarmu daga kusurwa. Balaga ce ta zo, ya ji warin wani kare a gidansa ya buga tambari a kai.

Ƙanena ya ɗaga jakar da yatsa biyu. "Yaya, ba ka ce ya gama koyo ba?"

Na aiki ɗana sito ya ɗauko kwalin, na ce ya haɗo da shingen.